Katina na rigakafin zazzabin shawara ya wuce shekara goma: sai na sake allura kafin tafiya?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga masu sani. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan raka mahaifina asibiti a Indiya, kuma an ce dole kowannenmu ya nuna katin rigakafin zazzabin shawara, tunda ƙasar da za mu taso tana cikin jerin waɗanda ake samun cutar. Ni an yi mini allurar a 2013, katin yana hannuna, amma a jikinsa an rubuta yana aiki daga 2013 zuwa 2023. Shi kuwa Baba shekarunsa 68, kuma iya saninmu ba a taɓa yi masa ba. To ni sai na sake? Shi kuma a shekarunsa babu matsala a yi masa? Wanda ke mana hidimar biza ya ce kada mu wahalar da kanmu, zai kawo mana sababbin katuna biyu da hatimi da komai, ba sai an soki kowa ba. Gaskiya raina bai kwanta da wannan ba.

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Katin ejan ɗin nan dai kada ka karɓa. Sauran bayani masu aikin za su zo su yi maka.

Nas_Rabi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin rigakafi nake yi, kuma da wuya mako ya wuce ba a yi mana wannan tambayar ba. Katinka yana nan da ransa. A da ƙa'ida ita ce a sake allurar duk bayan shekara goma, shi ya sa aka rubuta maka 2023. A 2013 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba abin da aka tara na bincike, ya ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya amince a gyara dokar, gyaran kuma ya soma aiki ranar 11 ga Yuli, 2016. Tun daga ranar, duk wani kati na gaskiya, tsoho ne ko sabo, ya zama na tsawon rai, ko da an rubuta ranar ƙarewa a jikinsa. Ba a bukatar a canza maka shi.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka ɗauki biro ka ce za ka gyara 2023 ɗin da kanka. Kankara ko gyara a jikin katin yana iya sa a ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Ka duba dai ka tabbatar sunan da ke jiki ya yi daidai da na fasfo, akwai ranar da aka yi allurar, sunan kamfanin da ya haɗa ta, lambar rukunin kwalbar, sa hannun wanda ya yi, da hatimin cibiyar.

Maganar Baba daban ce, ba zan ce komai ba tukuna. Me ke damunsa, kuma waɗanne magunguna yake sha?

Sule_Matafiyi:
Anti Nas, a takarda haka yake, ban musa ba. Amma a filin jirgi wata magana ce daban. Da idona na ga jami'i ya tsare wata baiwar Allah a kan tsohon kati, ya ce shi shekara goma ya sani, tana ta roƙo har aka fara kiran jirginta. Wanda ke tare da mara lafiya ba shi da lokacin jayayya da jami'i. Ni dai na ce ka karɓi na ejan ka huta, mutane da yawa haka suke yi kuma suna wucewa lafiya.

Injiniya_Bashir:
Malam Sule, don Allah ka janye wannan magana. Ina aiki a Luanda, babban birnin Angola, lokacin da cutar ta ɓarke a ƙarshen 2015, daga yankin Viana ta fara. A wurin aikinmu akwai wani matashi, baƙo ne kamar mu, yana da katinsa mai kyau da hatimi, da shi ya shigo ƙasar. Zazzaɓi ya kama shi da ciwon baya, muka ɗauka maleriya ce. Ya samu sauƙi har ya fito ya zauna da mu, muka ce alhamdulillahi. Washegari zazzaɓin ya dawo, idanunsa suka koma rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, daga baya ya fara aman baƙin abu, dasashinsa na zubar da jini. A asibiti ne ya faɗa wa likita cewa katin saye ya yi, ba a taɓa yi masa allurar ba. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan haka ne na ga mutane a layi tun kafin gari ya waye suna jiran allurar da a baya suke gudu. Kuma ba a Angola abin ya tsaya ba. Ya tsallaka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin da suka koma gida daga Angola an tabbatar suna ɗauke da cutar. Sauron da zai ciji mutum ba ya duba kati.

Ummu_Haidar:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa.

Sule_Matafiyi:
Allah ya jiƙansa. Amma Injiniya, shi Abu_Safwan an riga an yi masa allurar ta gaskiya, takarda ce kawai matsalarsa. Kuma Indiya za su, ai babu cutar a can.

Likita_Muazu:
Malam Sule, rashin cutar a Indiya shi ne dalilin da ya sa suke tsananta binciken. Sauron da ke yaɗa ta a birane, wanda ake kira Aedes aegypti, yana nan cike a Indiya da sauran ƙasashen Asiya, shi ne ma ke yaɗa musu zazzaɓin dengi. Mutanensu kuma ba a yi musu wannan rigakafin. Mutum ɗaya da ya sauka da ƙwayar cutar a jininsa, sauro ya cije shi, zai iya zama mafarin abin da ba a taɓa gani ba a nahiyar. Shi ya sa wanda ya isa Indiya daga ƙasa mai cutar babu ingantaccen kati ana iya killace shi har kwana shida, domin daga cizo zuwa bayyanar ciwo kwana uku zuwa shida ne. Ka yi tunanin dattijo mara lafiya a killace saboda an gane katinsa na bogi ne. Katin yana kare mai shi, yana kuma kare mutanen da zai sauka a cikinsu.

Abin da Injiniya ya ba da labari shi ne yadda cutar take. Mafi yawan waɗanda suka kamu ko dai ba su ji komai ba, ko su yi zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya da tashin zuciya na kwana uku ko huɗu su warke. Amma kusan mutum ɗaya cikin bakwai na waɗanda suka kwanta, bayan ɗan sauƙin da bai fi kwana ɗaya ba, sai ciwon ya dawo ya kama hanta da ƙoda. A cikin waɗannan kusan rabi ke rasuwa cikin kwana bakwai zuwa goma. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da muke yi a asibiti tallafa wa jiki ne: ruwa, jini idan ya kama, kula da ƙoda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 34 a Afirka da 13 a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da cutar ke cikinsu ko a wani yankinsu, kuma wani ƙiyasi da aka yi na shekarar 2013 ya nuna mutum 29,000 zuwa 60,000 ta kashe a Afirka kaɗai.

Abu_Safwan:
Na gode ƙwarai. Anti Rabi, gwiwa za a yi wa Baba aiki. Yana da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan wata ƙwaya saboda ciwon gaɓoɓi, na duba kwalin an rubuta prednisolone. Ban san ko wannan yana da alaƙa ba.

Nas_Rabi:
Yana da alaƙa sosai, madalla da ka duba. Wannan allurar ƙwayar cutar ce mai rai aka raunana ta. A jikin mai lafiya garkuwa tana fin ƙarfinta cikin sauƙi ta koyi yaƙi da ita. A jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni kuwa tana iya yin yawa ta zama ciwo. Prednisolone na cikin magungunan da ke danne garkuwa idan ana shan shi da yawa tsawon lokaci. Ma'aunin da likitoci da dama ke bi shi ne miligiram 20 ko fiye a rana na tsawon mako biyu ko fiye. Idan ɗan kaɗan yake sha, hukuncin na iya bambanta. Kada kuma ku dakatar masa da maganin da kanku don a samu yin allura, yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Ka kwashi duk magungunansa a leda ka kai wa likitan da ke duba shi, har da waɗanda kake ganin ba su da muhimmanci, don masu ciwon gaɓoɓi sukan haɗa da wasu magungunan da su ma ke danne garkuwa. Hawan jini shi kaɗai ba ya hana allurar.

Sai shekaru. Daga 60 zuwa sama, musamman wanda karon farko ke nan, haɗarin mummunar illa yana ɗan ƙaruwa. Ba haramci ba ne, awo ne likita zai yi tsakanin haɗarin cutar da haɗarin allurar.

Hajiya_Turai:
Wace irin illa kuma? Ni an yi mini ina da shekara sittin da wani abu, hannuna ne kawai ya yi tsami na ɗan ji zazzaɓi-zazzaɓi, shi ke nan.

Likita_Muazu:
Hajiya, abin da kika ji shi ne abin da yawancin mutane ke ji, wasu ma ba sa jin komai. Masu tsananin iri biyu ne, kuma ba kasafai ake ganinsu ba. Ɗaya tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ɗayar kuma ƙwayar allurar ce ke yaɗuwa ta kama hanta da sauran kayan ciki kamar ainihin cutar, kuma wannan tana kisa. A jimlace kowace ɗaya ba ta kai mutum ɗaya cikin 100,000 da aka yi wa allurar ba, kuma kusan duka a allurar farko ake ganinsu. Ga tsofaffi adadin ya fi haka. Haka ga wanda ke da matsalar wani ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, ko aka taɓa cire masa shi. Su masu matsalar taimos ɗin ba a yi musu sam.

Ga Baban Abu_Safwan akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Ba baƙo ba ne da zai shiga yankin cutar na mako biyu ya fita. A cikin ƙasa mai cutar yake zaune, kuma can zai dawo. Don haka idan likitansa ya ga garkuwarsa lafiya take, allurar tana da amfani gare shi ko da babu maganar Indiya. Idan kuwa an ga bai dace ba, akwai takardar uzuri ta likita, mai hatimi, da ke bayyana dalili. Sai dai ƙasar da za a shiga ba dole ba ne ta ɗauke killacewa saboda takardar. Ku tambayi ofishin jakadancinsu, ku nemi amsar a rubuce, kuma asibitin da zai karɓe shi ya san halin da ake ciki.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri zan ɗan shigo da tawa. 'Yata ta yi shawara kwana kaɗan da haihuwa, idonta da jikinta suka yi rawaya har aka sa ta a ƙarƙashin fitila a asibiti. Surukata ta ce tunda ta riga ta yi, ba ta bukatar allurar. Yanzu watanta takwas. Haka ne?

Nas_Rabi:
A'a Maman Ilham, ba haka ba ne. Rawayar da jarirai ke yi bayan haihuwa yawanci hantarsu ce ba ta gama ƙwari ba, babu ruwanta da sauro kuma ba ta ba da wata kariya. Rawayar ido alama ce kawai, abubuwa da yawa ke kawo ta: ciwon hanta, maleriya mai tsanani, sikila, toshewar matsarmama. Zazzaɓin da muke magana a kai ɗaya ne daga ciki, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da shi. Idan ta cika wata tara ki kai ta, a ƙasashen da ke da cutar lokacin ake yi, galibi rana ɗaya da ta ƙyanda. Ƙasa da wata shida ba a yi ko kaɗan. Tsakanin shida da tara sai idan annoba ta ɓarke. Ki gaishe da Mama, ki yi mata bayani a hankali, da kyakkyawar niyya ta faɗa.

Auwal_Ɗalibi:
Abin da ke burge ni game da allurar nan shi ne asalinta. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Ghana mai suna Asibi da ya kamu da cutar kuma ya warke. Daga ƙwayar da aka samu a jininsa ne Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Amurka, ya yi ta renonta a ɗakin bincike har ta yi rauni, aka samu nau'in da ake kira 17D a 1937. An ba shi kyautar Nobel a 1951. Duk allurar da ake yi yau daga wannan tushen take. Kafin nan ma wani likitan Kyuba, Carlos Finlay, tun 1881 ya ce sauro ne ke yaɗa cutar, aka yi ta ƙin yarda da shi sai a 1900 da tawagar Walter Reed, likitan sojan Amurka, ta tabbatar. Masu cewa sabon abu ne da ake gwadawa a kanmu, ya kamata su san ta haura shekara 80 ana amfani da ita.

Sule_Matafiyi:
Tarihi ya yi kyau ɗalibi, amma har yanzu ba a amsa mini ba. Idan jami'i ya kafe a kan shekara goma, me mutum zai yi?

Hajiya_Turai:
Ni abin da nake yi, na buga sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 a takarda na ninke ta a cikin katin. Da aka taɓa yi mini maganar, na miƙa cikin ladabi na ce a kira babbansu. Babban yana zuwa ya duba ya ce in wuce. Yawancinsu sun sani, ɗaiɗaiku ne ba su sani ba. Kuma ku lura da maganar yada zango. Ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu, idan ka shafe fiye da awa 12 a filin jirgin ƙasa mai cutar, ko ba ka fita waje ba, za su nemi kati. Wasu kuma kamar Ghana da Kamaru kowa suke tambaya, ko daga ina ya fito. Saudiyya ma tana nema daga masu zuwa daga ƙasashen da ke da cutar. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma suna canzawa, a riƙa dubawa kafin a sayi tikiti.

Zainab_K:
Ina bin zaren nan tun farko. Mijina ya samu aiki a Birazil, ana so mu bi shi, ni kuma ina da ciki wata huɗu kuma ba a taɓa yi mini ba. An ce mini a birni za mu zauna, ba daji ba.

Likita_Muazu:
'Yar'uwa, ƙa'ida ita ce ba a yi wa mai ciki sai idan haɗarin kamuwa ya yi yawa kuma babu yadda za a kauce masa, kamar lokacin annoba. Idan tafiyar za ta ɗagu zuwa bayan haihuwa, ɗagawar ta fi. Bayan haihuwar ma akwai lura: an samu 'yan lokuta da ƙwayar allurar ta bi nono ta kama jarirai ƙanana, har a Birazil ɗin, don haka mai shayar da jaririn da bai kai wata tara ba sai an zauna da likita tukuna.

Maganar birni kuma kada ta sa ki saki jiki. A can cutar tana yawo ne tsakanin birai da sauron daji, mutuwar birai ma ita ce alamar farko da hukumomi ke bi. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2018 ta matso har jihohin São Paulo da Rio de Janeiro, har da wuraren da a da ba a ce matafiya su yi allura ba. A 2018 wasu 'yan yawon buɗe ido da suka je tsibirin Ilha Grande ba tare da rigakafi ba sun kamu, wasunsu sun mutu. Ki nemi sunan jihar da garin, ki kai wa likitan da ke duba cikinki.

Zainab_K:
Na gode Likita. Zan yi magana da maigidan a daren nan.

Garba_Gandu:
Ni ba matafiyi ba ne, aikina a daji yake, yankan katako da safiyo. Ana ta maganar masu hawa jirgi, amma mu da manoman bakin kurmi da mafarauta mu ne sauron ke fara samu. Yawancin abokan aikina ba su da fasfo balle kati, kuma a tunaninsu allurar ta masu fita waje ce ko ta yara. Sannan suna cewa suna kwana a gidan sauro, ya isa.

Nas_Rabi:
Malam Garba ka taɓo inda ke mini ciwo. Gidan sauro yana da kyau kuma kada a bari, amma sauron maleriya ne ke cizo da dare. Wannan da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma kafin faɗuwar rana, lokacin da kuke tsakiyar aiki. Na gari kuma a ruwa mai tsabta da ke zaune yake ƙyanƙyasa: tsohuwar taya, gwangwani, duron da ba a rufe ba. Dogon hannu da man shafawa mai korar sauro suna taimakawa, amma allurar ce kariya ta gaske. Duk lokacin da aka zo gangamin rigakafi ka ja abokan aikinka ku je, manya ma ana yi musu. Kuma wanda zazzaɓi ya kama bayan ya fito daga daji ya guji asfirin da ibuprofen har sai an duba shi, domin suna ƙara zubar jini.

Wani abu kuma da mutane ke jin haushinmu a kai: mutum ya zo mu ce ya dawo ranar kaza. Allurar garin magani ce a kwalba, a firji take zama, sai an zo yi ake haɗa ta da ruwanta. Kwalba ɗaya ta mutum da yawa ce, kuma da zarar an haɗa, bayan awa shida duk abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi ya sa cibiyoyi da dama ke tara mutane rana ɗaya. A cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar, don haka duk wanda ƙwai ke sa jikinsa ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe ya faɗa kafin a soke shi. Haka mai cutar ƙanjamau da garkuwarsa ta faɗi sosai, da mai shan maganin daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda.

Injiniya_Bashir:
Tunda ana maganar kwalba, wani abokina an yi masa a Kinshasa, babban birnin Kwango, a 2016 lokacin gangamin, amma da ya zo tafiya aka ce masa wannan ba ta isa a ba shi katin fita ba. Me ya sa?

Likita_Muazu:
Saboda a gangamin na Agustan 2016 kashi ɗaya cikin biyar na allurar aka riƙa yi wa mafi yawan mutane. Ajiyar gaggawa ta duniya, mai allurai miliyan 6, ta ƙare fiye da sau ɗaya a shekarar, ga birni mai miliyoyin mutane a gaban annoba. Da wannan dabarar aka yi wa fiye da mutum miliyan 7 a Kinshasa. Tana ba da kariya, amma dokar katin tafiya cikakkiyar allura ta sani. Masu haɗa allurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su kaɗan ne, a Senegal, Birazil, Faransa da Rasha, kuma haɗa ta na ɗaukar watanni. Wannan na cikin dalilan da ya sa ba na son mai ingantaccen kati ya je ya sake don kawai ya samu sabuwar takarda.

Sule_Matafiyi:
To na ji, na bar maganar ejan. Amma idan Abu_Safwan ya je cibiya ta gaskiya aka sake masa allura ta gaskiya aka ba shi sabon kati, wa ya cuta? Hankalinsa ya kwanta, babu jayayya da kowa.

Farida_Lab:
Ni a nan ina ɗan goyon bayan Malam Sule, amma ba don jami'in filin jirgi ba. Maganar "allura ɗaya har abada" ba kowa ne ya karɓe ta ɗari bisa ɗari ba. An ga cewa yaran da aka yi wa suna jarirai, kariyar wasunsu tana raguwa bayan 'yan shekaru, shi ya sa Birazil ta dawo da ƙarin allura ga yara a shekara huɗu tun 2020. Jamus kuma a 2022 kwamitinta na rigakafi ya ce wanda ya shekara goma da yin ta farko, idan zai sake shiga yankin cutar, a ƙara masa sau ɗaya. Amurka ma tana ƙara wa wasu rukuni: matar da aka yi wa tana da ciki, mai ƙanjamau, wanda aka yi wa dashen ɓargo, da mu masu aiki da ƙwayar a ɗakin gwaji. Ingancin kati abu ɗaya ne, abin da ke cikin jini abu ne daban.

Nas_Rabi:
Farida, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma duba wanda ya yi tambayar. Babba ne lokacin da aka yi masa, bai ce yana da wata larura ba, kuma inda za shi babu cutar. Ba ya cikin ko ɗaya daga rukunin nan. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya bai canza ba, kuma cikin ɗaruruwan miliyoyin allurai da aka yi, waɗanda aka tabbatar sun kamu bayan rigakafi 'yan ƙalilan ne. Ni da nake ganin ranar da kwalabe ke ƙarewa ana mayar da uwa da jaririnta gida, ba zan ce mai kati ya zo ya sake ba.

Farida_Lab:
Na fahimce ki Anti. Amma zai dawo gida, kuma gida akwai cutar. Ni da ɗan'uwana ne zan ce ya tambayi likitansa, idan akwai wadatar allura ya ƙara.

Abu_Safwan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na faɗa wa ejan ya bar maganar katunan. Nawa zan tafi da shi yadda yake, zan kuma buga sanarwar kamar yadda Hajiya ta ce. Maganar ƙari zan yi wa likita idan mun je da Baba jibi da ledar magungunansa. Abu ɗaya ya rage: idan an ce a yi masa, yaushe ne ƙarshen lokacin da za a iya yi kafin tashi?

Nas_Rabi:
Katin sabon mai allura ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, domin a lokacin ne jikin yawancin mutane ke gama haɗa kariya, zuwa kwana 30 kuma kusan kowa, kashi 99 cikin ɗari. Ranar sauka za su lissafa, idan kwana tara ne za a ɗauke shi kamar mara kati. Ga dattijo irin Baba ni na fi son a ba da tazarar da ta fi haka, mako uku ko huɗu, don idan wani abu zai taso ya taso yana gida kusa da likitansa, ba a cikin jirgi ko gab da shiga tiyata ba. Tun ran gini ran zane. Ka kuma sanar da likitan da zai yi masa aikin ranar da aka yi allurar. Idan akwai wata allura mai rai da za a yi masa, ko dai a haɗa su rana ɗaya ko a raba da mako huɗu.

Garba_Gandu:
Anti Nas, wanda aka yi wa a gangami shekarun baya amma ƙaramin katin da aka ba shi ya ɓace, kuma babu wanda ya san inda rajistar take, shi yaya zai yi idan tafiya ta taso masa? Akwai mutum biyu a wurin aikinmu da ke cikin wannan halin.

Nas_Rabi:
Su fara komawa cibiyar lafiyar da ta kula da yankin da aka yi gangamin, wani lokaci ana samun rajistar da lambar kwalbar. Idan an samu, cibiyar da ke da izinin ba da katin tafiya za ta iya duba ko za ta rubuta musu da ainihin ranar. Idan ba a samu ba, babu ma'aikacin kirki da zai rubuta rana da lamba daga ka. A irin wannan halin sake allurar ake yi, kuma ga mai lafiya ta biyu ba ta da wata matsala. Ka tambaye su ko akwai mai shan magani na dogon lokaci a cikinsu kafin su je.